Kafin Sabon Mai Ya Hau Fuskarki

Abubuwa uku ne ke hawa fuskata kullum: sabulun wanke fuska marar ƙamshi, man da ke riƙe wa fata danshi, da man kare fata daga rana. Wasu darare akwai na huɗu, retinol, wani nau'in bitamin A da ake shafawa a fata. Ƙannena da ƙawayensu sun san ni da tsayawa karanta bayan kwalba, shi ya sa ba a rasa mai turo min hoton wani sabon mai, ko ruwan shafawa, ko sabulu, tana tambaya, "Anti, in saya?" Ba na iya cewa e ko a'a daga hoto. Abin da nake iyawa shi ne in bi da ita ta hanyar da nake bi da kaina, kuma ita zan shimfiɗa a nan. Da mata nake magana domin su suka fi tambayata, amma fatar namiji ba ta da wata doka ta daban.

Tambayar da nake fara mayarwa ita ce: me ke damun fatarki wanda za ki iya nuna min da yatsa? "Ina so in yi kyau" ba amsa ba ce, haka ma "na ga yana yi wa wance aiki." Amsa ita ce irin su: kumatuna suna bushewa har su yi furu-furu bayan wanka, kuraje suna feso min a haɓa duk lokacin da al'ada ta gabato, kurajen bara sun warke amma sun bar min baƙin tabo a goshi, hancina yana naso tun kafin rana ta yi tsaka. Kowanne daga cikin waɗannan yana da abin da ke yi masa aiki, kuma na wannan ba ya yi wa wancan. Idan kin tsaya gaban madubi kin rasa abin nunawa, to fatarki lafiyarta ƙalau, magana ta ƙare a nan. Da gaske nake faɗa. Fatar da ba ta ƙaiƙayi, ba ta saɓa, ba ta feso kuraje, babbar ni'ima ce, kuma sabon abin da za ki ɗora mata yana iya dagula ta alhali babu gyaran da take jira.

In kuwa akwai abin nunawa, kada ki yi saurin ɗauka cewa ƙari ne maganinsa. Sau da yawa ragi ne. Bushewar fuska takan samo asali daga wanke ta sau uku ko huɗu a yini, ko da ruwa mai zafi sosai, ko dirza ta da soso. Ƙananan kurajen da ke jeruwa a goshi da bakin gashi sukan fito ne daga man gashi da ke gangarowa, ko rigar filo da ta daɗe ba a canza ba. Gyara waɗannan tukuna, ki ba su 'yan makonni. Sannan ki jero kwalaben da kike da su ki duba ko abin da kike shirin saya yana cikinsu. Niacinamide, wani nau'in bitamin B3, misali, yanzu ana zuba shi a man shafawa, a sabulu, har a man kare rana, ta yadda mace za ta sayi kwalbarsa ta musamman ba ta san tana shafa shi sau biyu kowace safiya ba.

Akwai kuma matsalolin da ba na kwalba ba ne sam. Kuraje masu zurfi masu ciwo da ke barin rami, tawadar Allah da ta fara canza girma ko launi ko take fitar da jini, ciwon da ya ƙi warkewa: waɗannan na likitan fata ne, kuma duk watan da aka ɓata ana gwada mai iri-iri asara ce.

Ki juya kwalbar

A ce matsalar ta tabbata, kuma kin samu abin da kike ganin zai yi. Gaban kwalba talla ce. Bayanta ne ke da magana, kuma nan nake daɗewa.

A dokar Tarayyar Turai da ta Amurka, wadda masana'antu da yawa a duniya suke bi, ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su kuma a jera su yadda aka ga dama. Don haka layuka biyu na farko su ne ainihin abin da kike saya. Idan an zana wani tsiro da girma a gaban kwalba, amma sunansa ya zo can ƙarshe bayan turare da maganin hana lalacewa, kin san ɗan ɗigo aka saka don a samu abin rubutawa. Sai dai kada ki yi wa wannan ƙa'ida mummunar fahimta: akwai sinadaran da ƙarfinsu ya sa kaɗan ake buƙata. Retinol yakan zo ƙasa da kashi 1, kuma hakan ya isa. Niacinamide a kashi 2 zuwa 5 aka fi gwada shi. Benzoyl peroxide, maganin kurajen da aka daɗe da sani, tun 1986 bincike ya nuna cewa mai kashi 2.5 yana rage kuraje kamar mai kashi 10, kuma ya fi shi sauƙi ga fata. Yawan lamba a jikin kwalba bai nuna yawan amfani ba, sau da yawa yawan raɗaɗi yake nunawa.

Wasu kalmomin da ake bugawa a gaba ba su da nauyin da ake zato. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da kanta ta ce babu wani ma'aunin hukuma da ke bayan kalmar *hypoallergenic*, kowane kamfani na iya ba ta ma'anar da ya so. Hukumar kuma ba ta tantance kayan kwalliya kafin su shiga kasuwa yadda take tantance magani. "Daga tsirrai aka yi shi" ma ba ya nufin fata za ta karɓa, domin man da ake tatsa daga furanni da ɓawon lemo yana cikin abubuwan da suka fi tayar wa wasu da ƙaiƙayi.

Turare shi ne abin da na fi dubawa. Yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo rashin jituwar fata da kayan shafa, kuma yakan ɓuya ƙarƙashin kalma ɗaya, *fragrance* ko *parfum*, wadda ke iya ƙunsar sinadarai da dama. Turai ta daɗe tana tilasta a fito da sunayen guda 26 daga cikinsu, a 2023 kuma ta faɗaɗa jerin ya haura 80. Ni ina son ƙamshi kamar kowa, amma a tufafi nake ajiye shi. Abin da zai kwana a fuskata marar turare nake zaɓa. Haka nan akwai maganin hana lalacewa mai suna methylisothiazolinone, wanda ya yi wa mutane da yawa illa har Turai ta hana sa shi a kayan da ake shafawa a bari a jiki tun 2017. In kin gan shi a man da zai wuni a fatarki, ki ajiye.

Yanzu ga inda ba na sassautawa ko kaɗan. Duk abin da ba shi da jerin sinadarai, ko sunan wanda ya yi shi, ko ranar lalacewa, ba ya hawa jikina, ko wa ya haɗa shi kuma ko wa ya yaba shi. Haka duk abin da ya yi alkawarin sauya launin fata cikin kwanaki. Babu mai na gaskiya da ke wannan saurin. Abubuwa uku ne galibi ke bayan irin wannan "aiki". Na farko sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone, magani ne na gaske da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, amma in aka mai da shi man kullum sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage ta, in an daina kuma ta yi bore. Na biyu hydroquinone, wanda Turai ta cire daga kayan kwalliyar fata tun 2001, Amurka ma ta daina barin a sayar da shi ba da takardar likita ba a 2020. Daɗewa ana shafa shi yana iya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar magani ƙwarai, wato kishiyar abin da aka nema. Na uku zaiba, wato *mercury*, wadda ke ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, har ta kai ga jaririn da ke ciki ko wanda ake shayarwa. A jikin kwalba takan zo da sunan *calomel* ko *mercurous chloride*, in ma an rubuta ke nan. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba, wato Minamata ta 2013, ta iyakance ta ga kashi 1 cikin miliyan, a 2023 kuma ƙasashen da suka sa hannu suka amince a haramta ta a kayan kwalliya gaba ɗaya. Ina roƙonki, 'yar'uwa, a wannan wurin kada ki yi gwaji.

Kafin ki ajiye kwalbar, nemi ɗan zanen gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa. Yawan watannin da abin zai yi ke nan bayan an buɗe. In kwalbar ta fi ƙarfin abin da za ki iya shafewa a wannan lokaci, ƙarama ta fi miki.

Zai zauna lafiya da abin da ya tarar?

Sabon mai ba fuska kawai zai tarar ba, zai tarar da halin da kike ciki da kuma abin da kike shafawa. Mai juna biyu, ko mai neman samu, ta nisanci retinol da danginsa. Mai shan magani ko shafa wanda likita ya rubuta ta tambaye shi tukuna. Mai fama da ciwon fata da ke tashi yana kwanciya ta jira ya kwanta.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne wasu kayan suna zuwa da sharaɗi. Asid ɗin da ke saɓe saman fata, irin glycolic da lactic, yana sa rana ta fi cin fata, shi ya sa FDA ta ba da shawarar a riƙa kare fata daga rana duk lokacin da ake amfani da shi, har da mako guda bayan an daina. Mai retinol ma tana buƙatar wannan kariya. Ke nan idan ba ki shirya shafa man kare rana kowace safiya ba, mai lambar ƙarfin kariya, wato SPF, 30 ko sama, wanda ke tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, to ba ki shirya wa asid ko retinol ba. Tabon da kike son gogewa duhu zai ƙara. Benzoyl peroxide yana koɗar da launin tawul da rigar filo, kuma yana karya ƙarfin tretinoin, ɗan'uwan retinol da likita ke rubutawa, in an shafa su tare, don haka ɗaya da safe, ɗaya da dare. Asid da retinol a dare ɗaya kuwa fata kaɗan ce ke ɗauka.

Sai tambayar da nake yi wa kaina a ƙarshe: zan iya yin wannan a daren da na dawo a gajiye? In kwalbar ta ƙare, zan iya sake saye ba tare da na takura ba? Yawancin waɗannan kayan amfaninsu yana tsayawa ne idan an daina. Abin da ba zan iya ɗorewa a kai ba gara kada in fara.

Gwaji

An saya. Kada ya fara da fuska. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da hanya mai sauƙi, kuma ita nake bi: ki zaɓi wuri kamar faɗin santimita 2 a cikin dantse ko lanƙwasar gwiwar hannu, inda ba a yawan gogewa, ki shafa daidai yadda za ki shafa a fuska, sau biyu a yini, kwana 7 zuwa 10. In abin wankewa ne, ki bar shi minti 5 ko gwargwadon abin da aka rubuta, sannan ki wanke.

Na san kwana goma yana da tsawo ga wadda ta ƙagu. Dalilinsa shi ne fata tana nuna ƙin abu ta hanya biyu. Akwai raɗaɗin nan take, da za ki ji cikin mintuna. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ke tayarwa, shi kuma sai bayan yini ɗaya zuwa uku yake fitowa da ƙaiƙayi, ja, kumburi ko ƙananan ƙuraje masu ruwa. Wadda ta shafa da dare ta duba da safe ta ce "lafiya lau" rabin gwaji ta yi. Ga masu duhun fata irina, ja ba ya fitowa sosai, don haka ki fi kula da ƙaiƙayi, kaushi, da wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa. In hannu ya karɓa, ni nakan ƙara 'yan kwanaki a gefen muƙamuƙi, domin fatar fuska ta fi ta hannu saurin fushi.

Daga nan sai fuska, kuma abu ɗaya tak. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi riƙewa cikin duk abin da na rubuta a nan. In baƙi uku suka sauka gidanki rana ɗaya, washegari aka nemi wani abu aka rasa, wa za ki tuhuma? Haka wadda ta sayi sabulu da ruwan shafawa da mai ta fara su dare ɗaya: in fuska ta lalace ba ta san mai laifi ba, sai ta zubar da duka har da marar laifi, in ta yi kyau ba ta san wanda ya yi aikin ba, sai ta ci gaba da sayen duka har da marar amfani. Ki bar aƙalla mako biyu tsakanin sabon abu da na bayansa, wata guda ya fi. Sauran abin da kika saba kuma kada ki taɓa shi a wannan lokaci.

Masu ƙarfi a hankali ake shigar da su. Retinol da dare, ɗan ɗigo a kan yatsa ya ishi fuska duka, a busasshiyar fata, sau biyu a mako da farko, a guji gefen ido da kusurwar hanci da baki, a bi shi da mai mai danshi. Sai fata ta saba sannan a ƙara dare. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: in kina da wani muhimmin taro nan da kwana goma, ki bari ya wuce.

Wa'adi

Saman fata yana ɗaukar kimanin wata guda kafin ya sabunta, kuma yana ƙara jinkiri da shekaru. Don haka kowane abu da lokacinsa. Mai mai danshi cikin kwanaki za ki ji bambanci. Maganin kuraje yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin a ga alama, wata 2 zuwa 3 kafin fuska ta washe. Tabo da ƙananan layukan tsufa sukan kai wata 3 zuwa 6. Ranar da na fara abu nakan rubuta kwanan wata a gindin kwalbar, in ɗauki hoton fuskata kusa da taga da hasken safe, ba kwalliya, ba tacewar waya, sannan in maimaita a wuri ɗaya duk bayan mako biyu. Ido da ke ganin fuska kullum ba ya lura da sauyi, kuma zuciyar da ta kashe kuɗi tana son ta ga aiki ko babu. Hoto ba ya wannan son kai.

Za ki ji ana cewa in fuska ta feso da kuraje bayan sabon mai, "datti ne ke fita, ki daure." Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kaɗan. Retinol da asid suna iya gaggauta fitowar kurajen da dama suna tafe, a wuraren da kika saba yin su, kuma su lafa cikin 'yan makonni. Man danshi ko sabulu ba su da wannan uzuri. Kuraje a inda ba ki taɓa yi ba, ƙaiƙayi, zafin da ba ya wucewa bayan 'yan mintuna, fatar da ke tsagewa, duk suna cewa ki daina ne. Daurewa tana da tsada musamman ga mai duhun fata, domin duk wurin da ya ƙone yakan bar baƙin tabo da zai yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, bai gushe ba. In kuwa leɓe ko ido suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Ga wadda abin da take son ƙarawa na haɗiya ne, irin ƙwayoyin gyaran gashi da farce, duk wannan ya shafe ta, har da ƙari: babu gwajin dantse a nan. Biotin, wanda ke cikin yawancinsu, yana iya karkatar da sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, ciki har da na maƙoƙo da na ciwon zuciya, kuma FDA ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. Ki gaya wa likita duk abin da kike sha kafin a ɗebi jininki.

Idan wa'adi ya cika, ki jera hotunan ki koma ga abin nan da kika nuna da yatsa tun farko. Ya ragu? To ya samu gurbi, kuma ki duba ko akwai tsohon da ya maye wa wuri, ki sallame shi. Bai ragu ba, ko da bai cutar ba? Ki daina. Saura rabin kwalba ba hujja ba ce, in mai danshi ne ƙafa da gwiwa za su amfana da shi.

Wanda ya cutar kuwa, ki dakatar da shi ki koma sabulu mai laushi da mai marar turare kawai har fata ta huce, amma kada ki jefar da kwalin sai kin ɗauki hoton jerin sinadaransa. In hakan ya sake faruwa da wani man, ki ɗora jerin biyu gefe da gefe ki nemi sunan da ya maimaitu. In abin ya yawaita, ki tafi da hotunan wurin likitan fata. Akwai gwajin da suke yi, su manna ƙananan faci masu ɗauke da sinadarai daban-daban a bayanki na tsawon awa 48, su cire su duba, su sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Daga nan za a ba ki sunan ainihin abin da fatarki ba ta so, wanda za ki riƙa nema a bayan kowace kwalba kafin ki biya.